Makulli

Na kulle ƙofa sau biyu,
alhali ruwa ya riga ni shiga ta taga.

New Orleans, daren Talata.
Titin da nake bi zuwa aiki
yau kwale-kwale ke keta shi.

Tsohuwa Odessa ta ƙi hawa
sai da aka miƙo mata kyanwarta
da hoton mijinta, jiƙe sharkaf.
"Lucius bai iya iyo ba," in ji ta,
tana goge masa fuska da gefen riga.

Matuƙi yana ƙirga kawuna,
ni ina ƙirga rufin gidaje.
Namu ne na bakwai.
Ko na takwas.

Makullin na aljihuna har yanzu,
yana sukar cinyata
duk sanda na zauna.