Danni Uku

Ranar da Mutari zai hau motar Agadas,
bai ko kalli jirgin ba,
akwatin tuƙin ya miƙo mini:
"Kada batir ya ƙoshi, kada ya kwana da yunwa.
Rabi, Lawali. Rabi kawai."

Zafin Damagaram ba ya raga wa kowa,
duwatsun Birni ma huci suke.
Sai na raɓa shi gindin randa,
Inna na mita: ruwan da muka saya,
wai har ƙarfe na shan sanyinsa.

Duk Juma'a, in kuran ya zo,
nakan kunna in duba.
Sunan da ya raɗa wa jirgin na nan: Shirwa.
Fiffiken hagu na rinjaya,
ya daidaita shi da danni uku dama.
Na ƙirga. Ukun ne.

Yaran Karkada sun ce in sake saiti,
wutsiya ta ƙara kaifi.
Yatsana ya san hanya,
amma ukun nan kaɗai
suka rage da hannunsa a gidan.

Batir ya fara kumburi.
Ban gaya wa Inna ba.