Gargadar Sama

Shekara talatin da ɗaya ina sauraron ruwa
a Tamburawa, kunnena manne da bututu.
Na san shi in ya natsu: sahu-sahu yake tafiya,
kowane zare a layinsa, ba mai taka wani.
Na san shi in an matsa masa,
ya ci karo da kwana, ko tsatsa ta tare shi:
sai ya murɗe, ya juya, ya ciji wutsiyarsa,
yana gurnani kamar cikin mai azumi da la'asar.

Yau ga ni a sama, muna dawowa daga Legas,
hadarin Agusta ya zauna a ƙofar Kano.
Jirgi ya yi tuntuɓe inda babu dutse.
Shayina ya bar kofi, ya tsaya a iska ƙiftawa ɗaya,
sannan ya zaɓi wandona.
Wata murya ta yi Turanci ta lasifika, a sanyaye.
Hajiya Sabuwa mai shago a Kantin Kwari
ta saki carbi, ta damƙe gwiwar hannuna:
"Malam, me yarinyar ta ce?"

Na buɗe baki, kalmomi suka yi cunkoso
kamar adaidaita sahu a shataletalen Wapa.
Girgiza? Ta ƙasa ce, ko ta mai zazzaɓi.
Gargada ta taya ce da rami.
Hargitsi na tasha, yamutsi na ranar rabo,
tangal-tangal na jarin da bashi ya hau.
Kowace ta leƙo, ta ga ba gidanta ba ne,
ta koma.

Ashe harshe ma bututu ne.
A gida, kan tabarma, siriri yake zuba.
Kai shi Sabon Gari da tsakar rana,
inda Hausa ke gogar kafaɗa da Ibo da Yarbanci,
ka ji yadda yake kumfa,
kalma ta shiga da hula, ta fito ba hula,
amma an yi ciniki, an ba da canji.

Na ce, "Hajiya, iska ma ruwa ce, ba ta jiƙa dai.
Kogi ne muke ciki, ya zo kwana."
Ta dube ni, ta dubi jiƙaƙƙen wandona.
Ta ce, "To, Allah ya fitar da mu kwanar."
Ba ta sake ni ba sai da Dala ta bayyana,
kududdufai na ƙyalli kamar tasoshin da aka wanke.

A waje ruwa ya ɗauke.
Kwata na gudu a bakin titi, ja, tana sauri;
inda ta daki siminti, wata baƙar leda
tana ta zagaye wuri ɗaya, ta kasa wucewa.
Na ajiye jaka ina kallo.
Mai adaidaita ya kira ni sau uku.
Har yanzu ban samo kalmar ba.