Fitilar Kan Sandar Giya

Saura mil goma sha bakwai in kai Thedford,
maruƙa shida a tirela suna kiran uwayensu,
sai 'yar fitilar nan ta kan sandar giya
ta fara ƙifta mini ido.
Ruwan lemo ce, ba ta kai ƙwayar masara ba.
Ƙif. Ƙif. Ƙif.

Motar ta ƙi hawa giyar ƙarshe,
giyar hutu, inda inji ke sauke numfashi.
Ta kafe a ta uku tana gurnani,
in ta sauya kuwa, sai ta haure ni a ƙugu
kamar saniyar da aka taɓa wa ɗa.

Na gangara gefen titi.
Iskar Nebraska ta fizge ƙofa daga hannuna.
Ba gida, ba bishiya,
sai tuddan yashi sun yafa busasshiyar ciyawa,
da famfon iska can nesa yana juyi shi kaɗai.

Arlo, da kana nan da ka ce:
“Kada ki kashe inji, Marlys. Fara da mai.”
Shekara uku rabona da muryarka,
amma ita na bi.
Na ɗaga bonet, na zaro sandar awo,
na goge ta a bayan safar hannu.
Ja ne har yanzu. Na sansana, ba ƙauri.
To, cikinta bai ƙone ba.

Na kashe, na ƙirga ashirin, na tayar.
Ta yi tsit kamar ta tuba.
Mil biyu kacal.
Ƙif.

Sai da na hau kan tudu waya ta samu.
Delbert na tauna wani abu, ina ji.
“Allurar gudu fa, tana rawa?”
Na ce tun Talata take rawa,
sittin, talatin, sittin, kamar mai zazzaɓi.
“Kuma ba ki faɗa ba.”
Na ce tsorona kada allura ta tono garma,
a ce mini sabon akwatin giya, dala dubu uku,
ga kuɗin ciyawar hunturu ban gama biya ba.
Ya yi dariya har ya sarƙe.
“Motar ba ta san gudun da take yi ba, shi ke nan.
Wanda bai san gudunsa ba ai dole ya yi ihu.
Shiga ƙarƙashi, ta baya, tsakanin tayoyi.
Ƙusa ɗaya ce ke riƙe da sensar.”

Shekarata sittin da ɗaya.
Na shimfiɗa buhun abincin shanu na kwanta,
sanyin kwalta ya ratsa mini kafaɗa,
wani maraƙi yana leƙena ta tsagar katako.
Ƙusar ta yi gardama, na yi mata ta Arlo:
zagi ɗaya, bugu biyu.
Sensar ta fito da gemu,
garin ƙarfe ya manne mata baƙi ƙirin.
Na share shi da gefen riga.
Ina mayarwa yatsana ya ji wata waya tsirara,
ɓera ya ci rigarta, ya bar saƙon haƙori.
Tun kaka nake jin motsinsa a rumfar mota,
ina cewa gobe.

Na murɗe, na naɗe da baƙin salatif,
wanda ka bari a aljihun ƙofa,
har da shatin babban yatsanka a bakinsa.

Ɗaya. Biyu. Uku.
Na riƙe numfashi a gangaren kogin Dismal.
Huɗu.
Inji ya yi ajiyar zuciya, allura ta tsaya cak a sittin.

An sayar da maruƙan kafin ƙarfe biyu,
farashi ba yabo ba fallasa.
Delbert ya ce in kawo ta Litinin ya sa na'ura,
salatif ba gyara ba ne, lallashi ne.
Na sani.

A hanyar gida, da duhu,
na kama kaina ina satar kallon sandar giya.
Duk makon nan
ita kaɗai ta yi mini magana da ido.