Jiran Ƙafa

Ƙarfe biyun dare a Montevideo.
Iskar kogi na jijjiga tagar sutudiyo,
shayin mate ya huce a ƙoƙo.
A allon kwamfuta, gangar Don Eleuterio
ta koma ƙashin bayan kifi, kore, a kwance,
kowane bugu da tsininsa.

Da yamma mai kamfani ya ce da ni:
"Griselda, tsohon nan yana makara.
Jera min shi a kan layi kafin Litinin."

Na ɗauko almakashin da ba ya tsatsa.
In yanka nan, in ja can.
Wannan ya yi latti da ƙiftawar ido,
wancan ya yi azarɓaɓi kamar mai gudun ruwan sama.
Bugu dubu da ɗari biyu da shida,
na tisa ƙeyarsu ɗaya bayan ɗaya
har suka miƙe a sahu kamar kuratan soja.
Guda na bari,
a minti na uku, inda gula ta yi tuntuɓe.
Na ce nan ransa yake, ba zan taɓa ba.
Har na yaba wa kaina.

Da hantsi ya hawo bene yana haki,
rigarsa na warin hayaƙin tsofaffin jaridu
da suke gasa fatun ganga da su a bakin titi.
Shekara saba'in da huɗu, tafin hannu duk kanta.
Na kunna masa. Ya lumshe ido.
Ƙafarsa ko motsi.

"Ɗan gidan wa ke kiɗan nan?" in ji shi.
"Hannunsa da tsabta,
amma bai taɓa rataya ganga a kafaɗa ba."
Na yi tsit.
"A Barrio Sur a tafe muke kiɗa.
Sai ƙafar hagu ta taka ƙasa, sannan hannu ya faɗi.
Abin da kike kira latti
jiran ƙafa ne.
Ƙaramar ganga na rawar kai a gaba,
ni babba ina baya, ina ja mata linzami."

Sai ga minti na uku,
tuntuɓen da na killace kamar zinariya.
Ya buɗe ido ɗaya.
"Wannan kam kuskure ne, 'yata.
Gumi ne ya sulluɓe min gula.
Gyara shi, kada jikokina su ji."

Garin neman gira na rasa ido.

Na fara mayar da su, kowa inda na same shi,
dubu da ɗari biyu da biyar,
guda kuma na ja shi kan layi.
Ya zuba ruwan zafi a ƙoƙona, ya sha, bai tambaye ni ba.
Can wajen bugu na ɗari uku
na ji daɓen katako na amsawa.
Diddigensa ne.

Litinin dai tana nan tafe.
Ita ba ta makara.