Hutun Kwana Tara

Kwana tara suka ba ni a kantin magani.
Na ce Lagdo za ni, in zauna bakin ruwa,
in huta da karatun rubutun likita,
in huta da jin sunana a bakin mutane.
Mutum ɗaya na gaya wa, Barmani mai ƙosai,
ita ma a hankali, mai yana ƙara a kasko.

Kafin asuba Domayo ta ji.

Goggo Dija ta zo da ƙullin kuka da daddawa,
na 'yarta ne a Fitowa, mai ƙaramin ciki.
Malam Hamajoda ya kawo tabarau a cikin safa,
na yayansa, wanda ya daina ganin ramin ƙugiya.
Yaron tela ya miƙo jaka uku, bashin bara,
an naɗe su ƙanana kamar laya.
Fanne ba ta kawo komai ba.
Ta jingina da darbejiya har kowa ya watse,
ta ce, "In ka ga Tukur mai kwalekwale,
ka ce masa ɗakin ya daina yoyo."
Na ce, shi ke nan?
Ta ce zai gane.

Mota ta cika tun Marwa, ta ƙara cika a hanya.
Damina ta wanke wa duwatsu fuska,
rafukan da na sani da yashi duk sun yi baki.
Wata mata ta ɗora mini jaririnta a cinya
don ta kwance bakin zane ta biya yaron mota.
Ya yi barci. Aka ce kar a tashe shi.
Haka na riƙe ɗan mutane har Figil,
ya bar mini tukuici mai ɗumi a wando.
Jandarma ya buɗe jakata, daddawa ta gaishe shi,
ya rufe, ya ce kakarsa ma haka take ƙulli.
A gadar Garwa direba ya rage gudu
don mu ga kunnuwan dorina biyu a Binuwai,
wani dattijo ya rantse guda uku ne,
muka yi ta gardama har Ngong.

Lagdo, ruwa har inda ido ya gaji.
Kwana huɗu ban zauna bakinsa ba,
ina bin lungu da sunayen mutane a tafin hannu,
kowane gida sai an ci:
karfasa, shayi, karfasa kuma.
Tsohon ya sa tabarau, ya dube ni sama da ƙasa,
ya ce, "Ashe ɗan Ladidi ne!
Tun ɗazu na ɗauka mai karɓar haraji ne."

Tukur na samu da yamma yana ɗinkin koma.
Na faɗa masa yadda aka faɗa mini,
ban ƙara gishiri ba.
Allurar ta tsaya.
Ya ce in shiga. Muka bar gaɓa,
ya tuƙa har muryoyin kasuwa suka nutse,
sannan ya ajiye filafili a kan gwiwa.
Ba iska. Tsuntsu ɗaya a kan kututture.
In an tambaye ni hutuna, wannan sa'ar ce.
Can ya ce, "Wa ya gyara mata?"
Na ce saƙona bai kai nan ba.

Na dawo da abin da ya fi na tafiya nauyi:
busasshen kifi na gida biyar,
duk motar ta san da ni,
da magana guda a ƙarƙashin harshe:
ka ce mata damina ba ta ƙare ba tukuna.

Barmani ta ce, "Ka huta?"
Na zauna kan bencinta, na miƙe ƙafa.
Daga can kan kwana na hango Fanne
tana tahowa a hankali da kwano a hannu,
kamar ƙosai ta zo saya.