Hoton da Ke Bangon Shagona

Shekara shida hotonsa na bangon shagona a Garwa,
can sama da madubi.
Ranar da ya ci ƙwallo biyu a Rumde Ajiya
na yi wa mutane aski kyauta har magariba.

Jiya sai ga Sanda Mai-Hagu da kansa
a kujerata.
Ashe gajere ne.
Ga amosani a ƙeya,
ya nemi ragin dala ashirin,
ya ja tsaki da aska ta ɗan kama shi.

Ban cire hoton ba.
Na dai sauko da shi kaɗan,
kafaɗa da kafaɗa da na Goggo Dudu
mai suyar kifi a bakin Binuwai,
wadda ta saya mini askar farko.
Ita ba a taɓa tafa mata ba.