Agogon Nomau

Shekara ashirin da biyu ina buɗe cikin agogo
a bakin tashar Daura, gindin dalbejiya.
Ran Lahadi in ɗaure tebur a babur, sai Mai'aduwa.
A can Nomau ke iske ni, ɗan kawuna,
ya ƙetaro Kwangwalam da buhun aya biyu
da labarin da ya fi buhunan nauyi.

Wata Lahadi ya kwance nasa daga hannu,
mai maɗaurin fata, gilashin ya tsage a gefe.
Ya ce, "Tanimu, abin nan ƙarya yake mini."
Na kara a kunne, zuciyarsa lafiya lau.
Na gwada da nawa, na gwada da rediyon mai shayi,
ko daƙiƙa bai ci ba.
Na ce, "Goma a nan, goma ce a garinku.
Waɗanda suka ja layi a tsakiyar gonar kakanmu
sun raba mana kuɗi, sun raba tuta,
sun raba yaren da malami ke faɗa da shi a aji,
amma awa, sun manta, sun bar mana guda."

Ya yi dariya har goro ya faɗo daga bakinsa.
"To bara fa?
Mun ga wata, mun yi idi ran Talata,
kuna nan leɓe a bushe kuna jiran sanarwa.
Na aiko yaro da tuwon Sallah da hantsi,
matarka ta kifa masa faifai sai magariba.
Kai ka ce ƙarfe uku,
ɗana na lakwal ya ce sha biyar.
Hadari ya zubar muku, ya zo kan iyaka ya tsaya
kamar mai mota da ba shi da takarda.
Geronku ya yi kai, namu bai rufe kaza ba.
Safiyarka famfo ce, ka murɗa ka wuce.
Tawa gaba talatin ce,
sai sa ya ja igiya har bakin ƙaya
kafin guga ya leƙo.
Ka ce mini awarmu guda?"

Ban da amsa. Na ce ya bar shi in sake gilashi,
ya karɓa Lahadi mai zuwa.

Lahadi ta zo, babu aya.
Ta bayanta ma haka.
Ran Alhamis waya ta yi ƙara, murya na yankewa,
Ladingo ce, ƙanwarsa:
zazzaɓi, kwana shida, da asuba.
Jana'iza bayan azahar.

Na dubi hannuna, na yi lissafi irin na mai sana'a.
Azahar a masallacinmu biyu da rabi,
ga lokaci har da saura.
Na rufe akwati a natse. Na sha mai.
Na tsaya gaisawa da jami'in kan iyaka.

Su kuwa limaminsu ba ya tambayar allura.
Inuwar rumbu yake kallo,
da ta fito daga ƙarƙashinsa taki ɗaya, ya yi kira.
Na isa biyu saura kwata
na tarar da mutane suna wanke hannu,
ƙasa ɗanya, an jera ƙaya a kai.

Agogon yana nan a aljihun tebur, na sa gilashin.
Kowace safiya nakan ba shi wani.
Masu kawo gyara sukan leƙa su ce,
"Malam, wannan naka ya yi gaba da kusan awa."
In ce na sani.
Wani yaro ya taɓa cewa, "Na wace ƙasa ne?"
Na ce ba nisa,
in ka hau tudun Kwangwalam kana hango rumbunansu.